Daga Handul Zuwa Sikana: Tarihin Mai Mota Da Ke Gyara Da Hannunsa

 Yau banat ɗin mota za mu ɗaga.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon bakanike ya ji irin dokokin nan: kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai, kada ka buɗe lagireto da zafinsa, ka fara kwance kan batir na nagetif. Da yawanmu mun haddace su, amma ba mu san daga ina suka fito ba. Kowacce tana da lokacin da aka fara buƙatarta, saboda wani sabon abu da aka saka wa mota a wannan zamanin. Sannan akwai wasu dabarun da muke ta yi har gobe alhali lokacinsu ya wuce. Daidai ne a kan motar 1978, amma a kan ta 2012 ɓarna ce zalla. Wanda ya san tarihin shi ke iya bambance waɗannan biyun.

A farkon zamanin mota babu gareji, babu gidan mai, babu bakanike. Mai mota shi ne komai. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera ɗaya daga cikin motocin farko a Jamus, ta ɗauki 'ya'yanta biyu a motar ba tare da mijin ya sani ba, ta yi tafiyar kimanin kilomita 106 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Mai ya ƙare, ta tsaya a wani kemis a garin Wiesloch ta sayi wani ruwan goge tabo da ake samu daga man fetur ta zuba. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta zokale shi. Waya ta saluɓe, ta naɗe ta da maɗaurin safarta. Katakon birki ya cinye, ta sa mai gyaran takalma ya buga masa fata. Ka ga ke nan doguwar tafiya ta farko da aka yi a mota mace ce ta yi ta, kuma ita ta yi gyaran a bakin hanya.

Amma wanda ya mayar da talaka bakaniken kansa shi ne Henry Ford. Daga 1908 zuwa 1927 kamfaninsa ya ƙera Model T sama da miliyan 15, kuɗinta ya sauko daga dala 850 har ya kai 260. Masu sayen da yawa manoma ne a ƙauyukan Amurka, inda bakanike mafi kusa sai an yi tafiyar yini. Don haka motar tana zuwa da kayan aikinta da ɗan littafi da aka rubuta a tsarin tambaya da amsa. Inji ne da idonka yake ganin komai nasa. Ko famfon mai ba ta da shi, man gangarowa yake daga tanki, shi ya sa idan an zo hawan tudu mai tsayi kuma man ya yi ƙasa, sai direba ya juya ya hau da baya.

Abin da ya fi raunata mutane a wancan lokaci shi ne handul, wato ƙarfen da ake zura wa a gaban mota a juya don inji ya tashi. Idan direba ya manta bai ja lifar da ke jinkirta wutar fulogi ba, sai man ya kama wuta kafin fistin ya kai sama, injin ya juyo da baya, handul ɗin ya dawo da ƙarfin inji gaba ɗaya a kan hannun mutum. Karayar tsintsiyar hannu ta yi yawa har likitoci suka raɗa mata suna karayar direba. Daga nan aka samu dokar kariya ta farko a duniyar mota: kada ka zagaya handul da babban yatsa, ka ajiye shi gefe ɗaya da sauran yatsu, kuma ka ja sama, kada ka danna ƙasa da nauyin jikinka. Ana ba da labarin cewa Byron Carter, mai wani kamfanin mota a Detroit, ya tsaya taimaka wa wata mata da motarta ta mutu a kan gada, handul ya buge shi a muƙamuƙi, ya rasu a 1908. Mutuwar ta girgiza Henry Leland, shugaban Cadillac, ya nemi a kawo ƙarshen handul. Injiniya Charles Kettering ya haɗa kik na lantarki, Cadillac ta fito da shi a 1912. Model T ba ta samu nata ba sai 1919.

Handul ya tafi, amma ya bar jika. Haɗarin shi ne inji ya motsa a lokacin da hannunka ke ciki. A da sai ka juya da kanka, yau kuwa yaro na iya murɗa maki yana wasa da rediyo. Kafin ka sa hannu kusa da fanbel, makullin ya kasance a aljihunka. Kuma fankar lagireto ta motocin yanzu ta lantarki ce, a wasu motoci tana iya tashi da kanta bayan an kashe inji idan zafi bai sauka ba. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, carbi a wuya, mayafi, duk fanbel ba ya tambaya kafin ya ja.

To bari mu zo kan jak, don a nan ne rai ya fi salwanta. Jak mai aiki da mai ya girmi mota, wani Richard Dudgeon ne ya yi rajistar ƙirarsa a New York tun 1851. Abin da ke riƙe nauyin kuwa mai ne da aka matse a bayan 'yar roba. Ranar da robar ta gaji, ko bawul ya saki, mota za ta sauko, wani lokaci a hankali, wani lokaci kamar an sake ta daga sama. Shi kuma ɗan jak mai murɗawa da ke zuwa a but, an yi shi ne don aiki ɗaya tak, canza taya a bakin hanya, ba tare da ko hannunka ya shiga ƙarƙashi ba. Motar gida kamar Corolla ta haura tan ɗaya. Ƙirjin mutum ba ya ɗaukar wannan, kuma yawanci ba karaya ke kashewa ba, kasa jan numfashi ne, cikin 'yan mintuna, mutum ko ihu ba ya iya yi.

Shi ya sa aka ƙirƙiro ƙafafun ƙarfe da ake tokare mota da su bayan an ɗaga. Jak ya ɗaga, ƙafa ta riƙe. Su ma ba a ba su amana ɗari bisa ɗari: a 2020 an janye sama da miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa a Amurka saboda haƙorinsu na iya zamewa. Don haka masu hankali suna ƙara abu na uku, su tura tayar da suka cire ƙarƙashin gefen motar, idan komai ya saki ta faɗa kan wili. Abin da muke gani a unguwanni kuwa, a ɗora mota a kan bulo, wallahi ganganci ne. Bulon siminti ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, farfashewa yake a take. Guntun katako mai kauri da aka kwantar ya fi shi sau goma. Ƙasa ma abin dubawa ce, domin jak a kan rairayi ko kwaltar da rana ta dafa nutsewa yake ya karkace, sai an sa masa faffaɗan katako a ƙasa. Ga wani abu da mutane ke mantawa: hanbirki tayoyin baya kawai yake riƙewa a yawancin motoci. Idan bayan ka ɗaga, ba abin da ke hana motar gangarawa sai waigin da ka sa wa tayoyin gaba. Notin taya kuma a sassauta shi tun mota na ƙasa, don jijjigar da ake yi wajen kwance shi ita ke ture mota daga kan jak. Bayan duk wannan, kada ka shiga ƙarƙashi kai kaɗai a gida ba wanda ya sani.

Shekarun 1920 sun kawo irin haɗarin da ido ba ya gani. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa idan aka zuba wani sinadarin dalma a fetur, inji yana daina ƙwanƙwasa. Aka fara sayarwa a 1923. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey inda ake haɗa shi, wasu da dama suka zauce. Duk da haka aka ci gaba da sayarwa shekara da shekaru. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama rabuwa da shi ba sai farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Yanzu ka tuna cewa duk tsawon shekarun nan kanikawa da direbobi da wannan fetur ɗin suke wanke hannu, shi suke zuƙa da baki ta tiyo, shi suke guntsa su fesa a kafireta. An cire dalmar, amma ɗabi'ar ta zauna, kuma fetur ɗin yau ma ba ruwan sha ba ne. Yana ɗauke da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, kuma ɗan kaɗan idan ya sarƙe ka ya shiga huhu ya isa ya kwantar da kai a asibiti. Famfon hannu na roba da ake zuƙo mai da shi bai kai kuɗin katin waya na sati ba. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tafiya har inda murhu ko janareta yake ya jawo wutar ta dawo. Wutar fetur kuma ba a kashe ta da ruwa, sai yashi ko tukunyar kashe gobara.

Hayaƙin salansa shi ma haka. Iskar da ke kashe iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida, ita ce dai ke fita daga mota, ba wari ba launi. Daga 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke rage gubar sosai. Ita ce kanikawanmu ke kira indomi, kuma kowa ya san yadda ake fasa ta a sayar. Motar da aka cire wa indomi hayaƙinta ya fi guba, saboda haka kada ka bar ta tana aiki a rufaffen gareji ko zaure ko da na minti biyar ne. Ƙurar birki ma a bi ta a hankali. Tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa fatar birki da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru 20 ko 30. Turai ta haramta shi, amma ba ko'ina aka daina ba, kuma kai ba ka san inda aka yi wanda ka saya ba. Kada ka hure ƙurar da baki ko da iskar mai faci, jiƙa tsumma ka goge.

Dokar lagireto kuwa ta zo ne da murfi mai riƙe matsi, wanda ya yaɗu wajen shekarun 1940. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma idan aka matse shi a rufe yana iya kai 120 bai tafasa ba. Amfanin ke nan ga inji. Matsalar ita ce da zarar ka murɗe murfin, matsin ya tafi, ruwan da ke digiri 115 sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya yi tsiri zuwa fuskarka. Ba wani tsumma da zai tare wannan. Idan mota ta yi obahitin, ka kashe, ka ɗaga banat, ka nemi inuwa. Sai babban tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu sannan a taɓa murfi. Kuma kada ka kwarara ruwan sanyi a injin da ya ɗau zafi, kan silinda na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Batun batir yana da ɗan tarihi mai daɗi. Motocin da batir mai bolt 6 suke amfani da shi, sai a tsakiyar shekarun 1950 aka koma 12. Kuma ba kullum nagetif ne ake haɗawa da jikin mota ba. Motocin Ingila da yawa, irin su Morris da Austin, fozitif ne a jikinsu har cikin shekarun 1960. Ashe ainihin dokar ita ce ka fara cire kan da ke haɗe da bodi, ka mayar da shi a ƙarshe. Da duniya ta daidaita a kan nagetif, sai dokar ta zama "nagetif farko". Dalilin mai sauƙi ne. Duk ƙarfen motar waya ce guda ɗaya ta nagetif. Idan ka fara da fozitif, sifanarka ta taɓa bodi, ka haɗa kai biyun kai tsaye. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir na iya turo ɗaruruwan amfiya a daƙiƙa ɗaya, sifana ta yi ja, zoben azurfa ya narke a yatsa. Cire zobe da agogon ƙarfe tukuna. Batir kuma yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin caji, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya fashe ya watsa asid a ido. Wannan ne ya sa wajen jona batir da na wata mota ake bin tsari: fozitif da fozitif, sannan nagetif na mai rai, sai maƙalin ƙarshe a kama wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, don tartsatsin ya tashi a can.

Duk wannan ilimi a bakin kanikawa yake yawo, sai a shekarun 1960 aka samu waɗanda suka zuba shi a takarda yadda wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai gane. John Haynes ɗan Ingila ne da ke aikin sojan sama a Aden, ta ƙasar Yaman a yau. A 1965 wani abokin aikinsa ya nemi ya taya shi gyara wata Austin-Healey Sprite. Haynes ya ga littafin kamfani ba don irinsu aka rubuta shi ba, sai ya sayi kyamara, suka wargaza motar yana ɗaukar hoton kowane mataki. Littafin ya fito a 1966, kwafi 3,000 suka ƙare cikin wata uku, daga nan littattafan Haynes suka bazu duniya. A Amurka kuma John Muir, injiniyan da ya bar aikin kamfanin jiragen sama ya koma gyaran Volkswagen, ya buga nasa a 1969 da zanen hannu, ya sayar da sama da miliyan biyu. Abin da mutanen nan biyu suka koyar ya fi ƙarfin mota guda: karanta aikin har ƙarshe kafin ka kwance noti ɗaya, jera abin da ka cire bi da bi, kuma kowane noti yana da iyakar ƙarfin ɗaurinsa. Kai da ke da waya mai kyamara a aljihu, abin da Haynes ya sayi kyamara don ya yi, kyauta kake da shi. Ɗauki hoto kafin ka zare kowace waya.

Mu namu zamanin na "kowa bakanike" ya zo ne da Fijo. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, a shekarar da Volkswagen ma ta fara nata a Legas. 504 ta fito a Faransa tun 1968, can an daina yin ta da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Mota ce mai kafireta da distirbuta, wadda direban tasha zai gyara a hanyar Funtuwa da sifana uku da sukuddireba. Idan ta ƙi tashi abu biyu ne, ko mai ko wuta. A kan wannan mota da 'yan uwanta aka horar da iyayen gidan kanikawan da ke aiki yau, su kuma suka horar da yaransu. Bayan karyewar Naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tokunbo ta cika ƙasa ta Kwatano da Legas, kasuwannin kayan gyara irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka bunƙasa. Motocin suka canza gaba ɗaya, hannun da ke taɓa su bai canza ba.

A nan ne dabarun da suka tsufa suke yi mana illa. Misali mafi shahara shi ne cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. Wannan gwaji ne na zamanin dayinamo, lokacin da ba abin da zai ƙone a mota sai ƙwan fitila. A motar da ke da burenbos, batir shi ke shanye hauhawar wuta. Ka cire shi, wutar ta yi tsalle, ta iya ƙona altanetar ko kwamfutar da kuɗinta ya fi na batir sau da yawa. Mita ta 'yan kuɗi kaɗan za ta ba ka amsa: wajen 12.6 idan inji a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Haka zare wayar fulogi a riƙe a hannu don a ga wuta, kwayil ɗin yanzu dubban bolt yake harbawa fiye da na da. Haka cire tamostat a jona fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin injekta an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90, idan bai kai ba kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai da yawa. Kana ƙona fetur a banza, silinda na wankewa, kai kuma kana murna allura ba ta tashi. Ni a ganina wannan ita ce ɗabi'a mafi tsada da muka gada. Ga kuma bututun mai: na kafireta kusan ba matsi a ciki, na injekta kuwa ya fi iskar taya ƙarfi, kuma yana riƙe da shi ko bayan an kashe mota. Kafin a kwance shi ana cire fis ɗin famfon mai, a tayar da inji har ya mutu da kansa. Injin dizal na zamani da masu fesa mai kai tsaye cikin silinda sun wuce nan nesa, man da ke tsartuwa daga ɗan tsagu na iya huda fata. Ba a laluben yoyonsu da yatsa.

Eyabag ma wani sabon baƙo ne da 504 ba ta san shi ba. Daga motocin 1998 doka ta wajabta biyu a gaba a Amurka, inda yawancin tokunbo ɗinmu ke fitowa. Abin fashewa ne na gaske a tsakiyar sitiyari, kuma yana da ɗan ma'ajin wuta da ke riƙe caji bayan an cire batir. Shi ya sa littattafan kamfani ke cewa a jira, wasu sakan 90, wasu minti 3, wasu fiye. Wayoyinsa da soket ɗinsa yawanci ruwan ɗorawa ne, ba a gwada su da fitilar gwaji. Sannan akwai badaƙalar Takata, kamfanin Japan da ya yi amfani da sinadarin da zafi da laima ke lalatawa, jakar ta riƙa fashewa da gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba. An janye miliyoyin motoci, kamfanin ya durƙushe a 2017. Motoci da yawa sun baro Amurka kafin a canza masu, suka zo ƙasa mai zafi. Idan taka daga can take, ɗauki lambar bodi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka saka a shafin hukumar NHTSA, kyauta zai nuna maka ko akwai kiran da ba a amsa ba.

Kada wani ya ɗauka kwamfuta ta zo ta kori mai gyara da kansa ne kawai. Ta ba shi wani abu da Bertha Benz ba ta samu ba, wato motar da ke faɗin inda ke mata ciwo. Saboda dokokin hayaƙi, daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da soket iri ɗaya mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Yau ɗan sikana irin ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, sun isa ka karanta dalilin da ya sa fitilar Check Engine ta kama. P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuwa sau da yawa indomi ce ta mutu ko an yi gaba da ita. Sai dai lambar inda za ka duba take nuna maka, ba abin da za ka saya ba. Lambar da ta ambaci sensa na iya zama waya ce ɓera ya ci. Kuma goge lamba ba gyara ba ne. Rubuta ta tukuna, don idan ka goge ka share wa bakanike sawun ɓarawo. Idan fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan ba ta jira gobe, a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Kamfanoni ba su saki sauran bayanan cikin daɗin rai ba. Sai da masu zaɓe a jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a a 2012, kashi 86 cikin 100 suka goyi bayan a tilasta wa masu ƙera mota su buɗe wa masu mota da ƙananan gareji bayanan gyara. A 2020 suka sake yin wata kan bayanan da mota ke aikawa ta intanet.

Yanzu kuma ga sababbin baƙi biyu a titunanmu. Haibirid ta fara da Toyota Prius a Japan a 1997, batirinta na baya ya haura bolt 200, motocin lantarki zalla kuwa 400 ne har 800. Wannan ba irin na 12 ba ne da sai dai ya ƙona, wannan kisa yake. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a irin waɗannan motoci, ba taka ba ce, ba ta rewayan unguwa ba ce, sai wanda aka horar kuma yake da safar hannu ta musamman. Haibirid tana iya yin tsit kamar a kashe take alhali a kunne, injin ya tashi da kansa kana tsakiyar juye baƙin mai, wato handul ɗin 1908 ya dawo ta wata ƙofa. Tabbatar alamar READY ta mutu, makullin kuma ya yi nesa da motar. Na biyun shi ne gas na CNG da mutane suka rungumo bayan cire tallafin mai a 2023. Matsin da ke cikin tukunyarsa ya kai ninki 90 na iskar tayar mota, shi ya sa ake yin ta da ƙarfe mai kauri ba tare da ɗinkin walda ba, da ranar gwaji a buge a jikinta. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauki ko kusa da wannan ba, a wurin cikawa take tarwatsewa. Mai irin wannan mota zai iya canza fulogi da filta da baƙin mai da kansa kamar kowa, bayan ya rufe bawul ɗin tukunya. Idan ya ji warin gas, ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗar bututu a ga inda ke kumfa, a kai wa waɗanda suka haɗa.